Yadda za ka tsara kula da kanka da kwanciyar hankalinka, mataki bayan mataki

Tambayar nan ta yi yawa, musamman daga mata masu haɗa aiki da hidimar gida da kuma samari masu fafutukar neman na kai: ana ta cewa mutum ya kula da kansa, ya kula da lafiyar ƙwaƙwalwarsa, ya ci gaba a rayuwa, toh amma ta ina ake farawa? Mafi yawanmu daga sama muke farawa, a ɗauko manyan buri, zan haddace kaza, zan koyi kwamfuta, zan rage tumbi, zan fara kasuwanci, alhali barcin mutum bai kai awa biyar ba kuma ga bashi yana cin ransa, sati biyu sai a watsar a koma zargin kai. Shi ya sa jerin da zan kawo yana da muhimmanci, kar a tsallake. Ana fara gyara abin da ke tsotse ƙarfi, sannan a ɗora abin da ake so a gina.

Kayan aikin ba su da yawa: littafin rubutu irin na 'yan makaranta, biro, wayarka, da mutum ɗaya da ka yarda da shi. Kuɗin littafi da biro ba zai kai na datar da kake saye a sati ba. Lokaci kuwa minti 10 a rana, da rabin awa sau ɗaya a sati. Ka ba abin wata uku kafin ka yanke hukunci a kai.

1. Satin farko lura kawai za ka yi

Kar ka canja komai tukuna. Kowane dare kafin ka kwanta ka rubuta abu huɗu: ƙarfe nawa ka kwanta jiya ƙarfe nawa ka tashi, yaya ranka yake yau daga 1 zuwa 10, me ya ɓata maka rai ko ya tayar maka da hankali, me kuma ya sa ka ji sanyi a zuciya ko da ɗan kaɗan ne. Layi huɗu shikenan, ba insha'i ake nema ba. Wanda rubutu ke masa wuya ya yi rikodin na murya a waya.

A ranar bakwai ka shiga saitin wayarka, in Android ce ka nemi Digital Wellbeing, in iPhone ce Screen Time, zai nuna maka awa nawa kake yi a TikTok da WhatsApp da Facebook kowace rana. Ka kwafe lambar a littafin yadda take, kar ka rage.

Gargaɗi: littafin nan sirrinka ne. A gidan da ake da yawa, ko gidan da akwai kishiya ko ƙannen miji ko yara masu bincike, ki ajiye shi inda ba a kai hannu, kuma kar ki rubuta sunayen mutane cikakku, harafi ɗaya ya isa. Rubutun da aka yi don a sauke nauyi in ya faɗa hannun da bai dace ba yana iya zama fitina.

Gargaɗi na biyu, kuma ya fi na farko: in a satin nan ka ga tunanin gara ma ka mutu yana zuwa maka, kar ka jira sauran matakan, ka wuce mataki na 9 yau ɗin nan.

2. Ka raba damuwar gida uku

Ka buɗe sabon shafi ka ja layi biyu ya zama gida uku. Gidan farko abin da za ka iya gyarawa da hannunka a watan nan, kamar kwanciya da wuri ko kiran wanda kake jin nauyinsa. Na biyu abin da sai da taimakon wani ko sai an ɗauki lokaci, kamar bashi, neman aiki, saɓani da miji ko mata. Na uku abin da ba ya hannunka kwata-kwata: tsadar kaya, halin wani, rasuwa, abin da ya riga ya wuce, maganar mutane.

Duk abin da ka rubuta a satin farko ka zuba shi a gidansa. Abin da za ka gani shi ne gida na uku ne ya fi cin tunaninka da daddare, na farko kuma shi ka fi yi wa sakaci. Tsarinka gaba ɗaya a kan gida na ɗaya da na biyu zai tsaya. Na uku addu'a ce tasa da sallamawa, za mu zo kansa.

Kuskuren da ake yi a nan shi ne saka halin wani a gidan farko. "In gyara mijina", "in sa mahaifiyata ta fahimce ni", waɗannan ba a hannunki suke ba. Abin da ke hannunki shi ne yadda za ki yi magana, da lokacin da za ki yi ta, da wanda za ki sa ya shiga tsakani.

3. Barci kafin komai

Babban mutum yana buƙatar awa 7 zuwa 9 a kwana. Mu da muke tashi asuba lissafin a fili yake, in za ka tashi biyar toh goma ta same ka a kwance. Wanda yake kaiwa ɗaya na dare yana latsa waya ya tashi biyar, saurin fushin da yake fama da shi da mantuwa da jin komai ya yi masa nauyi, kaso mai yawa daga nan suke, ba sai an je da nisa ba.

Yadda za a yi: kar ka ce daga yau goma zan kwanta bayan ka saba ɗaya, ba zai yiwu ba, za ka yi ta juyi ne a gado. Ka riƙa ja baya da minti 20 ko 30 duk bayan kwana uku har ka kai. Ka sa alam na kwanciya kamar yadda kake sa na tashi. Waya ta kwana nesa da gado, inda sai ka miƙe kafin ka ɗauke ta. Na san matsalar wuta, in an kawo da tsakar dare dole a tashi a yi caji a yi guga, toh a jona a koma, kar a buɗe WhatsApp. Lokacin zafi kamar Maris zuwa Mayu a watsa ruwa kafin a kwanta, in ana kwana a waje a ɗaura gidan sauro. Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 da rana tana taimakawa sosai, amma in ta zarce awa ko ta kai bayan la'asar za ta ci barcin dare.

Gargaɗi: goro, shayi mai kauri, kofi da lemukan ƙara kuzari duk suna da sinadarin hana barci, kuma bayan wajen awa biyar rabinsa yana nan a jiki. Daga la'asar a haƙura da su. Sannan dan Allah kar a je kemis a sayi maganin barci ba tare da likita ya rubuta ba, irin su diazepam jiki yana sabawa da su, fita kuma ta fi shiga wuya. Haka tiramadol da kodin, mutane da yawa da sunan rage damuwa ko ƙarin ƙarfin aiki suka fara.

Sai barcin ya fara daidaita, kamar sati biyu, sannan ka matsa gaba.

4. Jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati, wato rabin awa sau biyar. Tafiya da ɗan sauri ta wadatar, bayan asuba ko da yamma in rana ta yi sanyi. Matar da ba ta fita ta zagaya tsakar gida ko ta yi tsallen igiya. A ci wani abu da safe, a sha ruwa.

Ka je asibiti ko kemis mai rajista a auna maka hawan jini da suga, mace kuma ta ƙara da gwajin yawan jini. Ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo suna kawo kasala da faɗuwar gaba da mutum zai ɗauka damuwa ce zalla. Awon hawan jini kuɗinsa kaɗan ne, wasu wuraren ma kyauta suke yi.

5. Kuɗi da bashi

A nan zan daɗe, don gaskiya a ƙasar nan ba za a yi maganar kwanciyar hankali a tsallake aljihu ba. Bashin da ba a rubuta ba ya fi wanda aka rubuta tsoratarwa, saboda kullum yana yawo a kai ba tare da mutum ya san iyakarsa ba, sai ka ga waya ta yi ƙara gaban mutum ya faɗi.

Ka ware shafi guda. Sunan kowa da kake riƙe da kuɗinsa, nawa ne, yaushe ka yi alkawari. Har na mai shago da mai kayan miya da zubin adashen da ka tsallake. Ka haɗa jimla ka kalle ta, ranar farko za ta yi ɗaci amma daga nan nauyin yake fara raguwa. Sai ka jera su: wanda yake ƙaruwa da ruwa ko tara shi ne farko, sai na mutumin da shi ma yana cikin buƙata, sai sauran. Sannan ka kira su ɗaya bayan ɗaya kafin su kira ka. "Alhaji ban manta ba wallahi, abin ne ya yi min nauyi, zan iya kawo kaza duk ƙarshen wata har in gama, a yi haƙuri da ni." Mafi yawan masu bin bashi ɓuya da ƙin ɗaga waya ne ke fusata su fiye da jinkirin. Ka faɗi abin da ka tabbata za ka iya, ko da kaɗan ne, kar kunya ta sa ka ɗauki alkawarin da za ka sake karyawa.

A shafi na gaba ka rubuta abin da ke shigowa a wata da abin da ke fita, kuma ka saka layin da kowa ke mantawa: biki, suna, anko, gudummawa, gaisuwar mara lafiya, ɗan abin da ake tura wa gida. Waɗannan ba ba-zata ba ne, duk wata suna zuwa, toh a ware musu adadi, in ya ƙare ya ƙare. Ba dole ba ne ki yi ankon kowane biki, zuwa da fuska a sake da ɗan abin da ya sawwaƙa ya fi ki ci bashi ki dawo kina lissafi har asuba.

Gargaɗi: manhajojin ba da bashi na waya, a guje su iya gudu. Ruwan da suke ɗorawa yana da yawa, wa'adinsu gajere ne, kuma an sha ganin wasunsu suna tura saƙon tozarci ga lambobin da ke wayar mutum. Ga masu cacar ƙwallo kuma, duk tsarin da za ka yi ba zai tsaya ba matuƙar kana zuba kuɗi a can da fatan ka ci ka biya bashi, a goge manhajar a gaya wa wani babba ya riƙa bibiya.

6. Mutanen da ke kewaye da kai

Koma littafinka na satin farko ka duba sunayen da suka fi fitowa a layin ɓacin rai da waɗanda suka fito a layin jin sanyi. Na biyun ka sa su a tsari, kira ko ziyara sau ɗaya a sati, ka je da ƙafarka in da hali don gaisuwar sitatus ba ta maye gurbin zama a tabarma ɗaya. Na farkon kuma kala biyu ne. Akwai waɗanda ba dolenka ba, abokan majalisar da hirarsu gulma ce da gasa, guruf-guruf na WhatsApp da ake ta zuba hotunan gawa da faɗan siyasa, waɗannan a rage, guruf a sa masa shiru ko a fita. Akwai kuma waɗanda dole ne, iyaye, surukai, 'yan uwa, maigidanka a wurin aiki. Su ba a yanke su, zumunci wajibi ne, abin da ake yi shi ne a koyi faɗin iyakar ƙarfi cikin ladabi.

Ka tanadi kalmominka tun kafin a tambaye ka, don kunya ce ke sa mu amsa abin da ba za mu iya ba. "Yaya, wannan karon ba zan samu dama ba, amma ga abin da zan iya." "Baba, a ba ni zuwa gobe in duba in dawo da magana." "Hajiya a yi min uzuri, satin nan jikin sai a hankali." Neman jinkiri zuwa gobe yana ceton mutum daga alkawura da yawa.

Sannan ka zaɓi mutum ɗaya ka gaya masa kana wannan tsarin. Mai riƙe sirri, wanda zai saurara har ka gama kafin ya ce "ka yi haƙuri". Haƙuri gaskiya ne kuma muna buƙatarsa, amma haɗiye magana shekara da shekaru har ta zama hawan jini ko ciwon kai na kullum ba shi addini ya nema daga gare mu ba.

Gargaɗi: in abin da ke damun ki duka ne ko barazana a cikin gida, wannan ya wuce maganar tsara lokaci. A sanar da manya na ɓangarenki, in bai tsaya ba a kai ga hukuma.

7. Wurin sauke abin da ba ya hannunka

Gida na uku da muka bari a mataki na 2, nan ne wurinsa. Ka ware minti 10 bayan asuba ko bayan isha'i, babu waya, ka yi azkar ɗinka da karatun ko da shafi ɗaya ne, ka ambaci damuwar da sunanta a addu'a da harshenka na Hausa. Akwai addu'ar da ta tabbata daga Annabi (SAW) ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da gajiyawa da kasala, da rowa da tsoro, da nauyin bashi da rinjayen mazaje, tana cikin littattafan azkar da ke hannun kowa. 'Yan uwa Kirista su ma su riƙe lokacin addu'arsu da karatun Littafi Mai Tsarki a wannan gurbin. Wanda kuma yake jin kamar kula da kai son kai ne ya tuna maganar da Salmanul Farisi ya gaya wa Abu Darda'i, cewa Ubangijinka yana da hakki a kanka, ranka yana da hakki a kanka, iyalinka suna da hakki a kanka, kuma Annabi (SAW) ya gaskata shi.

In fushi ko faɗuwar gaba ta taso a tsakiyar rana: ka zauna, ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida, kamar sau goma. In da hali ka yi alwala. Kar ka tura saƙo ko ka yanke hukunci sai abin ya sauka.

8. Yanzu ka ɗauki abu ɗaya na ci gaba

Sai a nan, wajen sati na biyar ko na shida, za ka ɗauko buri. Guda ɗaya tak na wata uku. Ka rubuta shi yadda za a iya aunawa. "In inganta Turancina" ba tsari ba ne, "in karanta shafi biyu da ƙarfi kullum bayan magariba" shi ne tsari. Haka hadda, aya uku a rana da wanda zai saurare ka ranar Alhamis. Haka ɗinki, gyaran waya, haɗa sola, lissafin shago, ko komawa karatu, wanda aiki ya hana shi zama aji ya duba Jami'ar NOUN da ke da cibiyoyi a jihohi, wanda bai gama sakandare ba ya nemi ajin yaƙi da jahilci ko ya yi rajistar jarrabawar NECO ko WAEC ta masu zaman kansu.

Dabarar da ta fi aiki a wurinmu ita ce jingina sabon abu da salloli biyar, tunda su lokacinsu a kafe yake kamar turke. Bayan asuba tafiya, bayan azahar ƙailula, bayan magariba karatu, bayan isha'i rubutun layi huɗu sai barci. Ka zana jadawalin sati a littafin, ranar da ka yi ka sa alama. Ranar Juma'a da yamma ko Lahadi ka zauna rabin awa ka duba: me ya yiwu, me bai yiwu ba, me ya hana. Abin da ya gagara sati biyu a jere ka rage shi rabi, kar ka jefar.

Gargaɗi: maganar da ake yawo da ita cewa kwana 21 ya isa abu ya zama ɗabi'a kar ka dogara da ita. Wani bincike da aka yi a Landan ya nuna matsakaicin ya kai kwana 66, wasu ma ya fi haka nesa. Tsallake rana ɗaya ba ta rushe komai, washegari ka ci gaba daga inda ka tsaya. Kuma a yi hattara da masu sayar da kwas a intanet da alkawarin arziki cikin sati biyu, kar ka biya kuɗi sai ka gwada na kyauta a YouTube na wata guda ka ga ko abin ya zauna maka. Azumi, damina ga manomi, jego, lokacin jarrabawa, duk suna canja jadawali, a sake zana shi ya dace da lokacin.

9. Lokacin da littafi da biro ba su isa ba

In ka kai sati biyu ko fiye kusan kullum ranka a ɓace, abin da kake so da duk ya fita ranka, barci ya ƙi ko ya yi yawa, abinci ba ya shiga, ka kasa aiki, kana jin ba ka da amfani, toh wannan ciwon damuwa ne mai yiwuwa kuma ana maganinsa. Haka mai jego da ta wuce sati biyu tana kuka ba dalili ko tana jin ba ta son ɗaukar jaririn, ko wanda ya ga tashin hankali na 'yan bindiga ko hatsari abin yana ta dawo masa a mafarki. Ba raunin imani ba ne. A yi addu'a da ruƙiyya ta shari'a, a kuma je asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Ka fara da babban asibitin da ke kusa, ka yanki kati ka gaya wa likita kai tsaye yadda kake ji da tsawon lokacin, ka tafi da littafinka don zai taimaka masa ƙwarai. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da ke Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, sannan asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da sashen. A Nijar a nemi babban asibitin ƙasa na Yamai ko na Damagaram. Kuɗin kati da ganin likita a asibitin gwamnati ya fi na asibitin kuɗi sauƙi sosai, mai inshorar lafiya kuma ya tambaya me ta ɗauke masa. Ka je da sassafe saboda layi, ka ɗauki wani ya raka ka.

In an ba ka magani ka sani yawancin magungunan damuwa sai sun yi sati biyu zuwa shida kafin a ji aikinsu sosai, kar ka daina don ba ka ga canji a kwana uku ba, kar kuma ka yanke shi rana ɗaya don ka ji sauƙi, likitan ne zai rage maka a hankali. In wani naka ya furta cewa zai kashe kansa kar a ɗauka wasa ne ko neman a kula shi, kar a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi sashen gaggawa na asibiti a ranar, a Najeriya kuma ana iya kiran 112. Kuma kar a kai mara lafiya inda za a ɗaure shi da mari ko a yi masa bulala da sunan magani, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Najeriya a farkon 2023 ta ba shi hakkin a kula da shi cikin mutunci.